Lissafin da Ke Ƙarƙashin Akori-kura

Motar kayan da ta tashi daga wani ƙauye na ƙasar Kunci za ta kasuwar Dawanau, tafiya biyu take yi a rana guda. Mai tsawon ita ce ta kwalta, ta Bichi har bakin Kano, kuma duk motar da ke da sauran rai za ta iya yin ta. Gajerar ita ce ta farko, wadda sau da yawa ba ta wuce kilomita biyar ko bakwai: daga masussuka zuwa inda kwalta ta soma, a kan turbar da amalanke da kofaton shanu suka fasa tsakanin gonaki, inda yashi yake kwance kamar an zuba gari, ga kuma ƙorama ɗaya ko biyu da za a gangara a haura. A wannan ɗan tsakanin ne ake bambance motar da aka ƙera don aikin da wadda aka ɗora mata shi kawai.

Wani kawuna yana da tsohuwar akori-kura ƙirar Peugeot 504 da ya yi shekaru yana jan injin sussuka da ita daga gona zuwa gona idan kaka ta yi. Wata damina aksil ɗinta na baya ya soma kuka, daga baya ya kakkarye. Aka sayo masa na hannu a Kano, aka gwada, ya zauna daram, aka ɗaure. Makonnin farko yabon motar yake yi ga duk wanda ya tsaya saurare: ta daina ihu a kan kwalta, gudunta ya ƙaru, man da take sha ya ragu. Har ya ƙara mata da tayoyi masu ɗan tsawo don kada cikinta ya riƙa dukan ƙasa. Ranar da aka fara sussuka ya ɗaura mata inji a baya, ya zuba buhuna a bodi, ya gangara wata busasshiyar ƙorama da ya ƙetare ta fi sau ɗari. Motar ta ƙi haurawa. Ya yi ta wasa da kuloci har ƙauri ya tashi, ƙarshenta sai da aka kwance injin, shanu suka fitar da shi.

Shi dai ya yanke hukuncin cewa inji ya gaji. Wani dattijon bakanike ya saurari injin, ya leƙa ƙarƙashin motar, ya sa aka kwance sabon aksil ɗin aka ɗauko gawar tsohon, ya zauna yana ƙirga haƙora da tsinke. Tsohon, takwas da talatin da tara. Sabon, tara da talatin da takwas. Ya ce, "Alhaji, injinka lafiyarsa ƙalau. Ƙafa aka canja maka."

Haƙori ɗaya ya ƙaru a nan, ɗaya ya ragu a can. Wannan maƙala tarihin wannan ɗan bambanci ce, da na mutanen da suka riƙa yanke shawara a kansa a madadin manomin arewacin Kano tun fiye da shekara ɗari, kafin shawarar ta dawo hannunsa ba tare da kowa ya sanar da shi ba.

Abin da ke cikin tulun

A tsakiyar aksil ɗin baya akwai wani ƙullutun ƙarfe mai siffar tulu. Farfela, wato doguwar sandar da ke ɗauko juyi daga giyabos, a cikinsa take ƙarewa da wata ƙaramar giya, wadda ke cizon wani babban zobe mai haƙora, shi kuma zoben ya juya tayoyi. Idan aka raba haƙoran zoben da na ƙaramar giyar, abin da ya fito shi ne adadin juyin da farfela za ta yi kafin taya ta juya sau ɗaya. Talatin da tara a raba da takwas, 4.875. Talatin da takwas a raba da tara, 4.22.

Inji ba ya samun ƙarin ƙarfi ko ragi saboda wannan lamba. Abin da take yi shi ne ciniki tsakanin ja da gudu. Duk sa'ad da lambar ta yi sama, ƙarfin murɗawar da ke isa taya yana ƙaruwa daidai gwargwado, amma inji sai ya ƙara yawan juyi kafin a ci tazara ɗaya. A ɗauki taya irin ta akori-kura, wadda ke cin kimanin mita biyu a kowane juyi. A gudun kilomita 80 a awa, tana juyawa kusan sau 667 a minti. A giya ta huɗu, inda giyabos ba ya ƙarawa ba ya ragewa, injin da ke kan 4.875 zai yi juyi 3,250 a minti, wanda ke kan 4.22 kuwa kimanin 2,800. Shirun da kawuna ya ji a kan kwalta ke nan, da sauƙin man. Amma a bakin ƙorama, aksil ɗin ya rage masa kusan kashi 13 cikin ɗari na ƙarfin ja, dogayen tayoyin suka ƙara cin nasu, domin taya mai tsawo ita ma rage lambar take yi a fakaice. Jimla, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin motar ya tafi, alhali ba a taɓa ko noti ɗaya a jikin injin ba.

A cikin tulun kuma akwai wasu ƙananan giyoyi da ke bai wa tayoyin biyu damar juyawa da gudu daban-daban a kwana. Wani maƙerin agogo Bafaranshe, Onésiphore Pecqueur, ya yi wa wannan dabara rajista a ƙarshen shekarun 1820, tun kafin a san motar fetur. Ita ce kuma dalilin da ya sa idan taya ɗaya ta faɗa yashi take ta wulwulawa, ɗayar na tsaye tana kallo. Haɗa tulun da farfela a madadin sarƙa irin ta keke kuwa, Louis Renault ne ya fito da shi fili, ranar 24 ga Disamba 1898, lokacin da ya haura wani titi mai tudu a unguwar Montmartre ta birnin Faris da 'yar motarsa. Tsarin da ke ƙarƙashin kowace akori-kura a tashar Shuwaki jikan wannan ne.

Inji ɗaya, mota biyu

Babu inda darasin ya fito sarai kamar a kamfanin Ford. Motarsa ta Model T, wadda ta fito a 1908, tana da haƙora 11 da 40, wato 3.63, tana kuma iya kaiwa kilomita 65 zuwa 70 a awa. Manoman Amurka suka riƙa yanke mata baya suna ɗora akwatin katako. A 1917 kamfanin ya fitar da Model TT mai ɗaukar tan guda. Bai ƙera mata sabon inji ba: mai ƙarfin doki 20 ɗin nan dai ya sa mata. Ya ƙarfafa shasi, ya tsawaita shi, sannan ya ninka lambar aksil zuwa 7.25. Motar ta zama da ƙyar take kai kilomita 30 a awa, amma tana tashi da lodin da zai durƙusar da 'yar'uwarta. Waɗanda wannan ciniki ya dame su sai suka koma sayen aksil na kamfanin Ruckstell, mai giya biyu a cikin tulu, ɗaya ta ja ɗaya ta gudu. Tun a wancan zamani ke nan an gane matsalar ƙauyen Kunci: hanya biyu, aksil ɗaya.

Ƙananan motocin Amurka irin waɗannan, masu sauƙin nauyi da arahar kayan gyara, su ne suka buɗe sufurin mota a Afirka ta Yamma bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. Sai dai a ƙasar Kano sun tarar da wani tsarin sufuri da ya girme su, kuma bai yi gaggawar ba su wuri ba.

Kwangirin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa rai, manoma suka ba su gyaɗa, attajirai irin su Alhassan Ɗantata suka shimfiɗa wakilai har cikin ƙauyuka. Abin da ya kai gyaɗar nan bakin sikeli jaki ne da raƙumi da takarkari. Ƙasar da ke kewaye da Kano, wadda masanin ƙasa Michael Mortimore ya shafe shekaru yana nazarin cunkoson gonakinta, ƙasa ce da ake nome kowace shekara ba hutu, ana riƙe da ita da takin gargajiya da jakuna ke kaiwa a mangala. Inda kowane taƙi na ƙasa yake da mai shi, ba a barin hanya mai faɗi. Turbar da ke tsakanin gonaki faɗin jaki da kayansa aka yi mata, daga baya amalanken shanu ya ɗan buɗa ta. Ƙasar Kunci, wadda ke tsakanin hanyar Katsina da ta Daura, kuma a 'yan shekarun nan aka sauya wa ƙaramar hukumarta suna zuwa Ghari, haka turbobinta suke har gobe.

Manyan motoci masu bodin katako, su Bedford da Mercedes, sun ƙwace dogon zango daga hannun raƙumi, amma a bakin babbar hanya suke tsayawa, ko a filin kasuwa. Tsakanin jakin da ke ɗaukar buhu guda da babbar motar da ke ɗaukar ɗari, an daɗe babu kowa.

Shekarun Fijo

Wadda ta cike wannan giɓi ita ce Peugeot, da bakinmu ya mayar Fijo. Kamfanin ya fitar da 404 a 1960, mai inji 1,618 cc, kuma sunanta ya kafu a Afirka da ta lashe tseren Safari na Gabashin Afirka a 1963, 1966, 1967 da 1968. Motar gidan tana da wani aksil da kusan duk sauran kamfanoni suka riga suka bari: a maimakon ƙaramar giya, wata sanda ce mai zare kamar na noti take murza zoben tagulla, zare 5 da haƙora 21, wato 4.2. Ba ya ƙara, kuma yana barin ƙasan mota ya sauka. Amma yana da tsirfa: man da kamfanin ya tanadar masa daga zurman ake yin sa, irin wanda ke fitowa a bayan gidajenmu ba mai shuka shi, kuma ba ya shiri da man giya na yau da kullum, wanda sinadaransa ke cin tagulla. Allah kaɗai ya san yawan zobban da suka narke a garejojin Arewa saboda an ɗura musu man da ya samu.

Da aka zo fitar da mai ɗaukar kaya ta 404 a 1967, injiniyoyin Sochaux sun yi abin da Ford ya yi shekara hamsin kafin su. Injin kusan shi ne dai. Suka sa sifirin mai faranti a baya, suka ajiye zoben tagulla suka ɗauko na ƙarfe zalla, suka ɗaga lambar ta doshi biyar. Da 504 ta zo a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, motar gidanta haƙora 9 da 35 gare ta, wato 3.89. Mai ɗaukar kayanta, wadda ta fito a 1979, a nau'in fetur an bar ta a kan 8 da 39. Tsakanin 3.89 da 4.875 akwai ƙarin ƙarfin ja na kashi ɗaya cikin huɗu. A juyi 3,000 na inji, motar gida tana gudun kilomita 92 a awa, akori-kura tana 74. Wanda ya taɓa zama a bayanta a hanyar Dambatta ranar Lahadi, yana jin injin na kururuwa alhali motocin gida na wuce su, wannan lissafin yake ji da kunnensa.

Zuwanta ya dace da wani juyi a tattalin arzikin ƙasar. An kafa kamfanin Peugeot Automobile Nigeria a 1972, Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa a Kakuri, Kaduna, a watan Maris na 1975, yayin da kamfanin SCOA yake haɗa masu ɗaukar kaya a Legas. A shekarar ce kuma tashar jiragen ruwa ta Legas ta toshe da ɗaruruwan jiragen siminti, har ya zama sassan motocin Kaduna ta sama ake kawo su: jiragen kamfanin UTA na tashi daga Liyon su sauka a filin jirgin sama na Kano, a ɗora akwatunan a manyan motoci zuwa Kaduna. An yi shekaru ana wannan jigila. A 1975 ɗin dai cutar kuturtar gyaɗa ta afka wa gonakin Arewa, bayan farin 1972 zuwa 1974, dalar gyaɗa ta kama hanyar zama labari.

Wato akori-kura ta shigo ƙauye ne daidai lokacin da kayan da ake ɗauka suka sauya. Maimakon amfanin gona iri ɗaya da ake tarawa a kai wa hukumar ciniki, sai ga takin zamani na shirin ciyar da ƙasa na 1976, ga siminti da kwanon rufi na kuɗin man fetur suna shiga, ga gero da dawa da wake suna fita zuwa birnin da ke ta kumbura, ga kuma kayan lambu na noman rani daga bakin madatsun ruwa irin na Gari. Kaya ne kanana-kanana, na mutane da yawa, daga wurare da yawa. Hukumar KNARDA a farkon shekarun 1980, da hukumar DFRRI da gwamnatin Babangida ta kafa a 1986, sun shimfiɗa hanyoyin burji, waɗanda damina biyu ko uku ke mayar da su abin da suke a da. Motar da aka rubuta mata kimanin tan guda ta riƙa ɗaukar ninkinsa, mutane na zaune a kan buhuna, awaki a ɗaure a gefe. An yaba wa sifirin ɗinta, an yaba wa injinta da kowane bakanike ya haddace. A ganina haƙoran nan takwas da talatin da tara sun fi su cancantar yabon, domin su ne suka sa ƙaramin inji ya iya tayar da wannan lodi daga tsaye a cikin yashi ba tare da kuloci ya ƙone ba.

Abin lura a nan shi ne direban wancan zamani bai zaɓi komai ba. An zaɓa masa, kuma wanda ya zaɓa ɗin ya san irin hanyar da motar za ta bi. Idan aksil ya lalace, akwai dila, akwai littafin sassa, akwai lambar kaya. Abin da aka cire shi ake mayarwa.

Bayan 1986

A watan Satumba na 1986 aka buɗe kasuwar musayar kuɗi ta shirin gyaran tattalin arziki, naira ta faɗi zuwa sama da huɗu a kan dala guda, ta kuma ci gaba da gangarawa. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ɗan kasuwar ƙauye. Masana'antun haɗa motoci na shekarun 1970, har da na manyan motocin Fiat da ke Kano da na Steyr a Bauchi, suka shiga dogon suma. Kaduna ta ci gaba da fitar da 504 har tsakiyar shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da mantawa da ita, amma kasuwa ta riga ta koma hannun motocin da aka gama amfani da su a Turai, masu shigowa ta Kwatano.

Kowace daga cikinsu ta zo da lambar da aka zaɓa mata don wata ƙasa. Motar da aka tsara don ta kai wa mai gyaran famfo kayan aikinsa a kan manyan titunan Jamus ko Beljiyam, ita ce yanzu ake sa ran ta fito da buhu ashirin daga fadama. Toyota Hilux kaɗai, wadda ake ƙerawa tun 1968, ta fito da lambobi irin su 4.10, 4.30, 4.56 da 4.88, gwargwadon inji da giyabos da ƙasar da za a kai ta, na baya-bayan nan da yawa kuma sun sauko ƙasa da huɗu. Daga waje tulunansu kama ɗaya suke. A kasuwar kayan gyara kamar Ƙofar Ruwa, tambayar da aka saba yi ita ce ko zai zauna, kuma mai shago bai yi ƙarya ba idan ya ce zai zauna. Ana kwance inji daga wannan mota, giyabos daga waccan, aksil daga ta uku, taya kuma wadda aka samu da sauƙi. Ƙwarewar kanikawanmu wajen wannan haɗe-haɗe abin jinjina ce, ita ta riƙe sufurin karkara shekara talatin da ɗoriya. Illa dai abubuwa huɗun nan lissafi ɗaya ne, kuma a da mutum ɗaya ne yake yin sa a kan takarda kafin a ɗaura noti. Yanzu an rarraba shi tsakanin mutum huɗu da ba su san juna ba.

Wasu motocin ma sun kauce wa zancen gaba ɗaya. J5 da ta mamaye jigilar tumatir da albasa da tayoyin gaba take ja, aksil ɗinta na baya ɗaukar nauyi kawai yake yi. Shi ya sa idan aka danne mata baya da lodi hancinta ya ɗaga, take rasa abin kama ƙasa a tudu, kuma shi ya sa ba a cika ganin ta da abin ja a baya ba.

Amurka, inda jan tirela da motar kaya ya zama ruwan dare, ta bi ta wannan mashigi ta wata fuskar. Bayan takunkumin man fetur na ƙasashen Larabawa a 1973, an ƙayyade gudu a mil 55 a awa a 1974, aka kafa dokar tsimin mai a 1975, kamfanoni suka riƙa fitar da motocin kaya da lambobi irin su 3.08 da 2.73. Sun yi tsimi a kan takarda, sun kuma kunyata duk wanda ya ɗaura musu tirela. Har yau mai tsohuwar mota ta wancan zamani da ke son ja, abin da yake fara yi shi ne neman 3.73 ko 4.10. Abin da ya sasanta rigimar a ƙarshe ƙarin giya ce a sama, wadda a cikinta farfela ke juyawa fiye da inji. Idan giya ta biyar tana kan kimanin 0.8, aksil mai 4.875 yana komawa 3.9 a kan kwalta, ya kuma ci gaba da zama 4.875 a cikin ƙorama. Burin Ruckstell ke nan, aka cim masa ta cikin giyabos.

Zaɓin yau

Ranar 29 ga Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin mai. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, ta wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Tun daga nan duk mai tsohuwar motar kaya yake neman inda zai rage, kuma aksil mai ƙaramar lamba yana da farin jini, domin tsiminsa gaskiya ne matuƙar motar ba ta da nauyi kuma hanyar shimfiɗaɗɗiya ce. Mai kai kaji ko burodi tsakanin Bichi da Kano yana da hujja idan ya zaɓe shi.

Mai ja kuwa lissafinsa daban ne, kuma a nan nake ganin ake yawan yin asara. Tsimin yana samuwa ne kawai idan inji ya iya riƙe giyar sama. Da zarar an ɗaura injin sussuka ko tankin ruwa, motar da ke kan 4.22 sai ta kasa riƙe ta huɗu a ɗan tudu ko a gaban iskar hunturu, direba ya sauko ta uku. Giya ta uku a irin waɗannan motoci tana kusa da 1.4, wanda idan aka ninka da 4.22 ya zama 5.9. Mutumin da ya guje wa 4.875 don tsimi ya ƙare yana tafiya a kan 5.9, inji na ihu, lagireto na tafasa. Ga kuma kuɗin kuloci, wanda shi ne ke biyan bashin duk ƙarfin da aksil ya kasa bayarwa a lokacin tashi. Kwana biyu a gareji a tsakiyar kaka, lokacin da manoma ke layi kuma mai wani injin yana jiran ya karɓe su, ya fi man wata guda tsada. Wanda ya mayar da motarsa mai amfani da iskar gas ma ya ƙara wa wannan hujja nauyi, domin tukunyar tana da nauyinta, injin kuma yakan ɗan rage ƙarfi.

Don haka ga motar da ke ja a irin ƙasar Kunci, da mafi munin kilomitar tafiyar ake auna aksil, da cikakken lodi, da tayar da za a yi aiki da ita a zahiri. Idan an ƙara tsawon taya da kashi 10 cikin ɗari, 4.875 ya koma 4.43, sai a nemi lamba mafi girma don a dawo inda ake. Injin dizal, da yake ƙarfinsa a ƙaramin juyi yake kuma ba ya son a kai shi sama, yana jure lamba ƙasa da ta mai fetur. Idan ihun kwalta ne ya dami mutum, giyabos mai giya biyar ya fi sauya aksil amfani, da sharaɗin kada a ja nauyi a cikin ta biyar ɗin, domin ita ce mafi rauni a cikinsu. Mota mai ja da ƙafa huɗu kuwa dole lambar gaba da ta baya su zama ɗaya, in ba haka ba sassanta za su yi ta kokawa da juna har wani ya karye. Zobe da ƙaramar giyarsa kuma tare aka wasa su a masana'anta, ba a aurar da na wannan da na wancan.

Akwai haɗari guda da babbar lamba take ɓoyewa. Tana sa mota ta tayar da nauyin da ba za ta iya tsayar da shi ba. Ba ta ƙara wa birki komai, ba ta ƙara wa boris ko sifirin, ba ta kuma ƙarfafa ƙugiyar da mai walda ya liƙa a jikin shasin da ya shekara arba'in. Injinan sussuka da ake ƙerawa a gida da tankunan ruwa galibi ba su da birkin kansu, duk nauyinsu a kan na motar yake sauka. Ɗan taimakon da aksil na ja yake bayarwa shi ne idan aka gangara da ƙaramar giya, inji yana riƙe motar fiye da yadda zai riƙe ta a kan na gudu.

Sanin lambar ba ya bukatar na'ura. Motocin Toyota suna ɗauke da alamar aksil a farantin da ke jikinsu, ko da yake farantin labarin ranar da motar ta bar masana'anta kawai yake bayarwa. Wasu zobban an buga musu adadin haƙoransu a gefe. Inda farfela take a fili, sai a sa weji, a cire giya, a ɗaga taya ɗaya ta baya da jak, a yi wa tayar da farfelar alama da alli, a juya tayar sau biyu cif ana ƙirga juyin farfela: abin da aka samu shi ne lambar. Kusan biyar, na ja ne. Huɗu da ɗan ɗoriya, na tsaka-tsaki. Ƙasa da huɗu, na kwalta. A Fijon da farfelarta ke cikin bututu kuwa, sai dai a buɗe a ƙirga da tsinke, kamar yadda dattijon nan ya yi.

Kawuna ya koma Kano da gawar tsohon zobensa a cikin buhu. Sai da ya shiga shago na shida kafin ya sami mai takwas da talatin da tara, kuma a kowane shago sai da ya sa aka kwance aka ƙirga a gabansa, masu shagon na kallonsa kamar wanda ya zo sayen goro yana fasa kowane ɗaya. Dogayen tayoyin ya sayar wa wani mai Hilux.